Tabulet da Jarkar Fetur

Shekara tara na yi ina yawo da wata 'yar na'ura a aljihun gaba. Ba ta fi tafin hannuna ba, baƙa ce, fuskarta kore-kore, tana da ɗan tsinken roba da ake cusawa a gefenta, da shi ake taɓa haruffa. Ba ta kira, ba ta ɗaukar hoto. Aikinta ta riƙe mini ranakun fita da lambobin mutane da abin da na auna a bakin ruwa. Ni ma'aikacin ofishin kula da kamun kifi ne a Yelwa. Nakan bi kwata bayan kwata, wato wuraren da masunta ke sauke kamunsu, daga ƙasar Ngaski har ƙasar Shanga. In rataye sikeli a reshe, in auna, in rubuta: ƙarfasa kaza, ƙurungu kaza, jirgi nawa ya fita, da wace irin koma aka kama. Masunta suna kiranta kalkuleta. Ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya dube ta sau biyu.

A kwatar Wara na'urar ta mutu, ranar kasuwa. Wani jirgin fasinja ya shigo kwata da gudu, farfelarsa ta tsinka komar wani masunci da ke cikin ruwa kusa da gaɓa. Mai komar ya jira sai da jirgin ya tsaya, sannan ya haye ya shaƙe direban. Nan take 'yan'uwan wannan da na wancan suka kaure. Na ga an fasa wa wani kai da filafili, katakon tuƙin kwalekwale, jini na shiga masa baki yana tofarwa yana ci gaba da duka. Na ga wuƙar gyaran kifi ta tsaga hannun wani daga kafaɗa har gwiwar hannu. Ina ƙoƙarin kwance sikelina in gudu sai aka bangaje ni, na'urar ta suɓuce ta faɗa laka, ƙafafu suka yi ta bi ta kanta. Da ƙura ta lafa na tono ta. Fuskarta ta tsage, wani baƙin ruwa kamar tawada ya bazu a ciki.

Shugabanmu a ofis ya juya ta a hannu ya ce ko a Sakkwato ba za a samu mai gyaran irinta ba yanzu. Ya ce dama an kawo sababbin kayan aiki, ni kaɗai na rage da tsohuwa saboda taurin kai. Ya buɗe kabad ya miƙo mini tabulet. Faɗinta kamar littafin rubutu na 'yan makaranta, siririya, ba nauyi, fuskarta na sheƙi har na ga gemuna a ciki. Kwana uku aka yi ana koya mini. Kowane kamu sai na ɗauki hotonsa. Duk kwatar da na tsaya na yi rubutu, wani jan ɗigo zai fito a taswira, manya a hedikwata su gani su san na je. Ba ta buɗuwa sai na ɗora babban yatsana na dama, ko in sa lambar sirri.

Duk abin da ke cikin tsohuwar ya tafi da ita. Mako biyu na yi ina bin mutane ina karɓar lambobin sarakunan ruwa, wato shugabannin masunta, ina sake shigarwa. Da na kai tabulet ɗin gida mahaifiyata Inna ta karɓa ta jinjina, ta ce, "Wanga hwaranti anka ba ka ka yi aiki da shi?" Muka yi dariya. Amma gaskiyar magana na yi alfahari da ita. A kan kabu-kabu ma, babur ɗin haya, a hannu nake riƙe ta, ba a jaka ba.

Mai tuƙa jirgin ofishinmu wani dattijo ne Bagunge, daga ƙabilar mazauna tsibiran gulbin, ya haura sittin, a tsibiri aka haife shi. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam. Tun ranar da na kama aiki shi ke kai ni ko'ina, ya san kowane dutse da ke ɓoye ƙarƙashin gulbin nan, kuma da kunne yake gane ciwon inji tun kafin injin ya tsaya. Fitarmu ta farko da tabulet ya zuba mini ido ina ta ɗaga ta sama ina ɗaukar hotuna. Da muka koma jirgi ya ce, "Malam, waccan ta da, kai kaɗai kaka kallonta. Wagga in ka ɗaga ta, mutane gani sukai su taka kallo. Ka riƙa neman izini kahin ka ɗaga."

Na ce, "Baba, zamani ne. Kowa yana da waya mai hoto yanzu."

Ya ja igiyar inji.

Kamar wata biyu bayan haka, wata safiyar Talata, tabulet ta yi ƙara ta nuna mini cewa yau ranar wata kwata ce a ƙasar Shanga. Tun kwana biyu ana raɗe-raɗi a Yelwa cewa 'yan bindiga sun shiga wani gari a wancan ɓangaren, amma ban tsaya jin sunan garin ba, irin labarin ya yi yawa. Baba ya ce mu ɗaga tafiyar zuwa wani mako. Da tsohuwar na'urar ce da na yarda, don ba wanda zai san ban je ba. Amma yanzu in jan ɗigo bai fito ba, washegari za a kira shugabanmu daga hedikwata, shi kuma ya kira ni. Na ce mu je mu dawo kafin azahar.

Mun yi kamar awa ɗaya da rabi muna haura ruwa sai muka zo daidai wani ƙauye da muka yi aiki a cikinsa makon da ya wuce. Baba ya rage wuta. Ba jirgi ko ɗaya a kwatar. Rufin ɗakuna ya ƙone, sai bango baƙi ƙirin. Rumfar da na rataye sikelina ta zama toka. Ungulaye sun jeru a kan wata tsamiya, wari kuma ya biyo iska har cikin jirgi.

Baba ya ce, "Malam, mu koma."

Na ce, "Saura kaɗan. Inda za mu ai tsallake ne, kuma Sarkin Ruwansu ya san ni. Minti talatin mun gama."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ƙara wuta. Wannan maganar tawa ita ce har yau nake juyawa a raina.

Kwatar da muka sauka cike take da mutane, amma ba hayaniyar ciniki. Ƙarƙashin mangwarori mata da yara ne zaune a kan ƙunshin kaya, waɗanda suka tsero daga ƙauyen da aka ƙona. Samari na kai-komo da adduna da gorori, biyu ko uku da bindigogin toka. Can gefe wata tsohuwa na gyara wuta a bandarta, murhun da ake ƙyafe kifi. Na yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Na tambayi Sarkin Ruwa, aka ce yana cikin gari wurin gaisuwa. Jirgi biyu kawai suka fita su ranar, ɗaya ya dawo da giwan ruwa babba. Na rataye sikeli, muka auna shi, na ja da baya na ɗaga tabulet don kifin ya shiga hoto duka. Ban lura cewa bayan kifin, daidai inda na saita, mutanen nan ne zaune ba.

"Kai! Mi kaka ɗauka?"

Wani dogon mutum ne ya taso daga cikinsu, zai yi shekara arba'in, an ɗaure masa kafaɗa da tsumma, jini ya bushe a kai. Ya matso ya ƙura mini ido. Sai ya juya ya ɗaga murya.

"Shi na! Wallahi shi na! Shi yaz zo garinmu da wanga allo yana ɗagawa. Kwana huɗu tsakani sunka shigo muna!"

Na buɗe baki in yi bayani, wani saurayi ya fizge tabulet daga hannuna. Ya san waya, nan da nan ya shafa fuskar ya faɗa kan taswira. Ya ɗaga ta sama yana nuna wa jama'a.

"Ku duba! Ga garinsu an yi mashi jan alama. Ga namu ma, yanzu yaf fito! Infoma na!"

Ban ga wanda ya fara ba. Wani abu ya sauka a ƙeyata, na ji kamar an kashe rana. Da na dawo hayyacina ina durƙushe a laka, bakina cike da gishiri-gishiri. Gora ta sauka a bayana, wata a haƙarƙari, na ji wani abu ya ɓalle a ciki. Na ɗaga hannu in kare fuska, aka doke hannun da bayan adda, babban yatsana ya lanƙwashe baya. Ina ta cewa ni ma'aikacin kifi ne, ku tambayi Sarkin Ruwa, amma ko ni ba na jin muryata. Wani ya taka mini wuya ya danna fuskata cikin laka har na shaƙi ruwa. Aka ja ni ta ƙafa, rigata ta naɗe a wuya, tsakuwa da ƙayar kifi na yankar cikina. Mata na ihu, wasu na cewa a bari, wasu na cewa a kashe. Akwai wata da ta zo ta tofa mini yawu tana kiran sunan wani da ban sani ba, ina jin wanda aka kashe mata ne.

Baba yana cikin jirgi lokacin da aka fara. Da ya ja igiya ya tafi ba wanda zai tare shi. Sai ga shi ya ratso mutane yana ture su da kafaɗa, yana magana da Hausa yana haɗawa da yarensu na Gunganci, ya zo ya tsaya a kaina ya ware hannuwa.

"Ku ji tsoron Allah! Kihi yaka aunawa! Shekara tara ni ka kawo shi nan!"

Wani ya ce, "To kai ka kawo shi ke nan."

Ina kwance ina kallo ta ido ɗaya aka ɗaga filafili da hannu biyu aka sauke masa a gefen fuska. Ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Hularsa ta yi sama. Bai ko yi ƙara ba, ya zube a kan ƙafafuna, jini na fita ta kunnensa na hagu.

Daga nan sai na ji sanyi a jikina, da wari mai hawa kai. Jarkar fetur ɗinmu ce ta dawowa, wani ya ɗauko daga jirgi yana tuttula mini daga kai har ƙafa. Ya shiga idona, ya shiga duk inda fata ta tsage, zafin ya fi na dukan. Mutane suka ja da baya suka yi da'ira. Wanda ya zuba yana lalube aljihu yana cewa wa ke da ashana. Ba a samu ba. Wani ya ruga wajen bandar tsohuwar nan zai zaro itace mai wuta. Na juya kai na bi shi da ido, ina salati a zuci don bakina ya ƙi motsi. Tsohuwar ta riga shi. Ta ɗaga bahon ruwan da take wanke kifi ta juye shi duka a cikin murhun, da kifin da ke kai da komai. Hayaƙi da toka suka turnuƙe. Ya ɗaga hannu zai mare ta, ta miƙa masa fuska, sai ya juya ya nufi cikin gari neman wuta.

A hanya ya yi karo da Sarkin Ruwa. Tsoho ne ƙwarai, da sanda yake tafiya, amma ranar da gudu-gudu ya iso. Bai yi wa kowa tsawa ba. Ya shigo tsakiyar da'irar, ya taka cikin fetur ɗin da ya kwanta, ya zauna daɓas a ƙasa kusa da ni, ya ɗauki gefen babbar rigarsa ya jiƙa a ciki.

Ya ce, "To, ku kawo wutar."

Mai raunin kafaɗa ya ce, "Ranka shi daɗe, ka tashi. Ba ka ga abin da munka gani ba. Da hannuna na rufe mutum bakwai."

"Na sani, ɗana. Ni na yi masu salla tare da kai. In shi yak kawo su, ni zan ba ka ashana. Amma sai na gani da idona. Ina allon?"

Saurayin da ya ƙwace ta ya miƙo. Ta riga ta rufe kanta, fuskar baƙa. Ya ce ba ta buɗuwa sai da mai ita. Sarkin Ruwa ya sunkuyo ya ce, "Malam, buɗe."

Na ce da yatsa ake buɗewa. Aka kamo hannuna na dama. Yatsan ya kumbura ya karkace, laka da jini sun rufe shi. Saurayin ya danna shi a wurin, na yi ƙara, ta ƙi. Ya sake dannawa, ta ƙi. Ta nemi lambar sirri. Lamba shida ce, ni na zaɓe ta da kaina, amma a lokacin ko sunan unguwarmu aka tambaye ni ban jin zan iya faɗa. Na faɗi wasu lambobi, ba su ba ne. Da'irar ta fara matsowa. Na ji wani na cewa da gangan yake yi.

Sarkin Ruwa ya ce a ba shi ruwa. Aka kawo a gwangwani. Ya riƙe yatsan ya wanke shi a hankali kamar mai yi wa jariri wanka, ya cire hularsa ya goge shi da cikinta har ya bushe. Ya ce, "Ka daure." Ya miƙar da shi da ƙarfi ya ɗora. Na ji zafin har cikin haƙorana. Fuskar ta kawo haske.

Ya ce wa saurayin ya nuna masa duk hoton da ke ciki, kada ya tsallake ko ɗaya. Mutane suka taru a bayansa suna leƙe. Na farko giwan ruwan ɗazu ne. Saurayin ya shafa. Tarin ƙarfasa a kan tabarma. Ya shafa. Sarkin Ruwa na kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya da muryar da kowa zai ji: ƙurungu, tarwaɗa, ragon ruwa, warangi a kwando, ƙarfasa kuma. Kifi a sikeli, kifi a baho, kifi a cikin jirgi. Aka yi ta komawa baya, jiya, shekaranjiya, har aka kai makon da ya wuce.

Saurayin ya ce, "Ga garin nasu."

Mai raunin kafaɗa ya ture na gabansa ya sunkuyo. Hoto na farko komar da aka shanya ce. Na biyu kwandon ƙarfasa. Na uku wata mata ce tsaye a bakin ruwa, ta riƙe wata ƙatuwar tarwaɗa da hannu biyu ta ɗaga ta daidai ƙirji, ɗankwalinta ya zame baya, bakinta a buɗe tana magana tana dariya. Ni na ce ta ɗaga mini kifin don tsawonsa ya fito, na manta da ita tun ranar.

Mutumin ya karɓe tabulet daga hannun saurayin. Ya kai ta kusa da fuskarsa. Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa wanda ban taɓa jin irinsa daga bakin babban mutum ba. Ya zauna a laka.

Ya ce, "Uwar ɗiyana ta." Ya sake faɗa. Daga baya na ji cewa tana cikin bakwai ɗin da ya rufe, kuma tun da ya aure ta ba a taɓa ɗaukarta hoto ba.

Wani daga baya ya ce, "To ai ga shi nan, ya ɗauki mutanen garin!"

Sarkin Ruwa ya juya. "Ka ga gida ciki? Ka ga hanya, ko garken shanu? Ɓarayin daji tarwaɗa sunka aiko shi shi ƙirga?"

Ba kowa ya gamsu ba, na gani a idanunsu. Amma gororin sun sauka, kuma mutane sun fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Sarkin Ruwa ya sa aka kinkime ni da Baba zuwa jirgi. Muna kan hanya wani ya jefo dutse ya same ni a tsakiyar baya, ban san ko wane ne ba. Aka kwarara mini ruwan gulbi bokiti bayan bokiti don fetur ya fita. Sarkin Ruwa ya sa aka juye man injinsa a namu, ya haɗa mu da wani masunci ya tuƙa. Da jirgi ya juya na hango mutumin zaune inda muka bar shi, tabulet a cinyarsa, yana taɓa fuskar duk lokacin da hasken ya fara dushewa. Ba wanda ya ce ya miƙo ta, ni ma ban ce ba.

Har muka iso Yelwa Baba bai farfaɗo ba. Kansa na kan cinyata, ina toshe masa kunne da guntun rigata, jinin na ratsowa.

Kwana goma sha ɗaya na yi a asibiti. Haƙarƙari uku, haƙori biyu, da yatsan da har yau bai miƙe ba. Fatar bayana ta saluɓe inda fetur ya zauna. Baba ya karye a muƙamuƙi, aka ɗaure masa baki da waya, kunnen hagu kuma ya mutu. 'Yan sanda sun zo suna tambayar ko zan gane waɗanda suka yi. Zan gane su. Na san wanda ya ɗaga filafili, na sha auna kifinsa. Na kwana na tashi ina fatan in ga an ɗaure shi an yi masa abin da ya yi. Gadon Baba na kusa da nawa, da ya ga ɗan sandan ya buɗe littafi sai ya ɗaga hannu ya girgiza mini yatsa. Na ce ban ga fuskar kowa ba. Ba yafewa na yi ba. Nauyin Baba na ji, kuma na san zan sake bin gulbin nan.

Bayan mako biyu wani ɗan aike daga Sarkin Ruwa ya kawo tabulet ofis, an naɗe ta a cikin zane, batir ya mutu, ko ƙwarzane babu. Na sa mata caji, na kai wa mai wankin hoto a bakin tasha ya fitar mini da hoton matar a takarda babba, ya sa a leda. Na ba ɗan aiken ya kai wa mijinta. Ban rubuta komai a baya ba.

Baba bai koma tuƙi ba. Ya ce wanda ba ya jin inji bai kamata ya ɗauki rayukan mutane a ruwa ba. Da aka kwance masa baki na je gidansa na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya juyo da kunnen dama ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Na ce maka mu koma, Malam." Sannan ya turo mini kwanon fura. Ina zuwa duk Juma'a, muna hira a kan ruwa da kifi, amma bai sake ta da maganar ba.

Na daɗe ban dawo daidai ba. Warin fetur a gidan mai yakan sa in juya in bar wurin. Wata rana maiɗakina ta taɓa ni ta baya ba zato, na juyo na hankaɗe ta har ta bugu da ƙofa. Na zauna na yi kuka a gabanta, abin da ban taɓa yi ba. Ofis ya mayar da ni ɓangaren Ngaski, aka ba wani Shanga.

Lokacin albasa na gaba, ina ratsa kasuwar Yelwa da jakar aiki a kafaɗa, na zo inda ake lodin buhuna a babbar mota. Ɗaya daga cikin 'yan dakon ya tsaya da buhu a ka yana kallona. Ya rame, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka, amma na gane shi tun kafin ya sauke buhun, mai raunin kafaɗar nan ne. Hannuna ya shiga jaka da kansa ya kama ƙugiyar sikeli, ƙarfe ne mai kaifi. Na riƙe ta gam. Ya taho a hankali yana goge hannu a wando, ya tsaya nesa da ni kaɗan.

Ya ce, "Malam."

Na ƙara damƙe ƙugiyar.

Ya dubi hannuna da ke cikin jaka, ya dubi ƙasa. Na zaci gafara zai nema, har na shirya abin da zan ce masa, magana mai zafi da na daɗe ina tanadi. Sai ya ce, "Hoton ya iso. Bakinta buɗe yake ciki. Ran da kay yi shi, mi tac ce maka?"

Na tsaya ina tunani. Na so in ce na manta. Amma na tuna.

Na ce, "Cewa ta yi in yi sauri, kifin na da nauyi."

Ya gyaɗa kai. Gefen bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya, idonsa ya cika. Ya ce, "Haka take. Ba ta da haƙuri ko kaɗan."

Direban motar ya danna oda yana zagin masu lodi. Mutumin ya juya ya koma, wani ya taya shi ya ɗora buhun a ka, ya hau katakon da aka jingina a bayan motar. Na saki ƙugiyar. Ta huda mini tafin hannu ban ji ba. Na nemi tsumma wurin wata mai tuwo na ɗaure, na wuce kwata, don jirgin Wara na gab da tashi.